Jijiyar Bayan Cinyata da Wasan Tsaskiya

Na shekara ashirin ban taɓa ƙwallo ba, amma da aka haɗa wasan dattawa tsakanin garinmu Karare da garin Tsaskiya bayan girbi, ni na fara ba da suna. Da ƙuruciya ni ne lamba bakwai, kuma har yau nakan yi mafarkin iskar da ke kaɗa rigata in na kwasa da gudu a gefen fili.

Wasan farko na gama shi lafiya, sai dai washegari jijiyar bayan cinyata ta ɗaure tamau. Mai horar da mu, wani matashin malamin asibiti, ya ce kowa ya riƙa rubuta yadda ƙafarsa ta kwana, mai ciwo ba zai buga wasan ramuwa ba. Ni da nake koyon rubutu a ajin manya, kullum sai in zauna in tsara "babu ciwo" da kyakkyawan hannu, alhali ruku'u ma da cije leɓe nake yinsa.

Ya duba takardar ya ce, "Kawu, ka tabbata?"

Na ce, "Likita, ƙafar nan ta girme ka."

Ranar wasa aka turo mini ƙwallo, fili fetal a gabana kamar da. Taku uku na yi, na ji abu ya tsinke. A amalanken harawa aka maido ni gida.

Yanzu daga bakin fili nake kallo, ƙafata na motsi ita kaɗai. In amalanke ya gifta kuwa, sai abokaina su miƙe tsaye: "Tashi, ga motarka ta iso, shanun ma sun gane ka!"