Jijiyar Sajan Ebenezer

Zuru ta haifi sojoji kamar ƙasa, amma ba ta sake haifar irin Sajan Ebenezer ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja yana gadin sito, ko gwangwanin kifi ɗaya bai tsere masa ba. Abu ɗaya ke cin ransa: shugabancin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Duk zaɓe Kofur Haggai ke kayar da shi, don Haggai na da tabon harsashi a cinya, shi kuwa Sajan jikinsa sumul kamar tulu.

Sai Allah ya kawo gwaiwa. Bayan tiyata, Likita Hafsat ta gaya masa ta tarar da wata jijiyar jini a bayan ƙashin mararsa, ta haɗa manyan jijiyoyi biyu, kuma ba kowa ke da ita ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Likita na cikin bayani, Sajan ya riga ya fara jawabi.

Daga ranar tafiyarsa ta sauya. Ba ya hawa kabu-kabu sai an ɗora matashi. A coci benci guda yake ci shi kaɗai, kada a matse Jijiya. Mutanen gari suka laƙaba masa Sarkin Mara, ya karɓa hannu biyu.

A taron ƙungiya ya miƙe, hannu a ƙugu. "Tabo kowane sakarai yana samu, in ya kasa kaucewa. Jijiya kuwa daga sama ake zuwa da ita. Ina ba da shawara: daga yau wanda ba shi da ita ba ya shugabanci."

Tsofaffin nan, da ba su ƙi abin dariya ba, suka amince. Aka cika mota da su ashirin da shida, aka nufi asibitin Sakkwato ɗaukar hoton mara. Sajan ya zauna a gaba, yana tausaya wa na baya.

Ranar zaɓe aka gayyaci Likita Hafsat ta karanta sakamako. Mutum tara suna da ita. Haggai, ɗan baƙin ciki, har biyu gare shi, dama da hagu. Sajan ya gyara hula.

"A karanta nawa."

"Babu, Baba."

"Babu me?"

"Ai na gaya maka tun ranar. Ta tare mini hanya, na ɗaure ta na yanke. Kana ta magana, ba ka ji ba."

Sajan ya nemi a soke dokar. Sakatare ya tuna masa da ladabi cewa marar jijiya ba ya kawo shawara, wannan sakin layin ma shi ya ƙara da hannunsa. Aka ba shi riƙon makullin ɗakin ajiye kujeru.