Alhaji Maman Ba Ya Kallon Ƙarshen Fim

Madarunfa ta yi sa'a da Allah Ya ba ta Alhaji Maman dillalin filaye, wanda ake kira Na-Indiya tun shekarar da ya raka maigidansa asibiti can. Ya ga ƙasar da idonsa, ta tagar ɗakin jinya. Tun daga nan fim ɗin Indiya ba ya samun daraja a garin sai ya sa masa albarka.

Basirarsa ta kai ba ya buƙatar ganin ƙarshe. "Ƙananan mutane ke zama har a tashi," in ji shi. "Mu da mun ga rabi, mun gama."

Da aka kawo wani sabo mai fassarar Hausa, ya kalli rabinsa ya yanke hukunci. Labarin wani minista ne mai fararen kaya, da furanni a wuya, yana lallashin manoma su bar gonakinsu a gina masana'anta. Alhaji har da share ƙwalla. "Ga jarumi nan. Ku dubi yadda yake haɗa hannuwa! Wannan fim na wayar da kan ƙauye ne."

Akwai kuwa kan da yake son wayarwa. Inna Delu, mai gonar bakin tafki da mijinta ya bari, ta kusa yarda ta sayar masa ya yanka filaye. Ɗanta Shamsu ne ke jan ƙafa. Sai Alhaji ya gayyace su bayan la'asar, ya kafa tele a zaure ya kunna musu fim ɗin, ya kawo shayi da ƙosai.

Duk abin da minista ya faɗa, Alhaji sai ya maimaita da ƙarfi. "Kun ji ko? Ku ba mu gona, mu ba ku ci gaba! Ni da wannan bawan Allah, wallahi tunaninmu ɗaya." Da rabi ya cika ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya tafi ganin wasu baƙinsa daga garin Ɗan Issa.

Bayan fitarsa, ministan fim ɗin ya sayi alƙali, ya sa aka ƙone amfanin gona, masana'antar kuma ta zama gidan hutun surukinsa. Ƙarshenta matan ƙauye suka bi shi da tsintsiya har cikin taɓo.

Alhaji ya dawo yana murmushi. "To, Inna, yaya kika ga zaɓina?"

"Ka iya zaɓe, ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Da ban gani ba, da gobe na ba ka gonar."

Shamsu ya duƙar da kai yana danne dariya.

Tsohuwar ta ƙulle sauran ƙosan a bakin zane, ta nemi takalminta. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ka ara mini fim ɗin mana. Zan kai wa matan Gabi su gani. Na ji can ma kana neman filaye."