Danjar Hagu Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Talata, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa bin bayan motata, rasuwar Danjar Hagu, wato jar fitilar baya ta ɓangaren hagu, bayan shekara ashirin da uku tana aiki ba hutu.

Na so in tsaya nan. Amma tun gawa ba ta yi sanyi ba magana ta zaga dangi cewa ni na kashe ta: wai na yi ribas na buga ta da ginshiƙin get, kuma wai ban ma san na buga ba. A kan wannan "wai" ɗin babban ɗana ya yanke cewa ranar Asabar zai karɓi makullin motar, a riƙa ɗaukata ana saukewa kamar buhu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya, ban taɓa ba ɗalibi maki a kan "wai" ba. Saboda haka a yi haƙuri, sanarwar za ta ɗan yi tsawo.

Marigayiya mai kunya ce. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganinta ido da ido a bakin aiki ba, sai dai jan haskenta a jikin bango in ina shiga gareji. Ba ta da rawar kan fitilun gaba, masu kashe wa bayin Allah ido. Ita ce ta tsaya tsakanina da manyan motoci da masu babur marasa haƙuri, cikin ruwa da iska, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta ƙarya: in na taka birki ta faɗa, in zan sha kwana ta faɗa, ko da na canja shawara a tsakiyar hanya, abin da nakan yi. Muryarta ɗaya ce, tik, tak, tik, tak, a natse kamar agogon ɗakin jarrabawa. Na san daga ƙarƙashin sitiyari sautin sigina yake fitowa, kada wani ya rubuto yana gyara mini. A wurina muryarta ce.

Ta rasu ta bar 'yar uwarta, Danjar Dama, wadda yanzu take kallon titi da ido ɗaya har na baya su zaci babur ne, da ƙaramar ƙanwarsu mai haska lamba, da bamba, maƙwabcinta na ƙasa, sai ni.

Ranar Laraba na fara bincike. Na tokare birki da sandata, kanta ɗaya a jikin kujera, na zaga baya. Dama ta kawo, hagu duhu. To, rasuwa dai gaskiya ce, kuma ga tsagi a gilashinta mai tsawon ɗan yatsa. Na ɗauko tef ɗin awon ɗinki. Bamba ya fi fitilar fitowa da yatsa huɗu, ginshiƙin get kuwa a miƙe yake daga sama har ƙasa. Ba yadda za a yi ya tsallake bamba ya mari fitila, kuma bamba ko ƙwarzane babu. Tsohon get ɗinmu mai doguwar sakata ne kaɗai zai iya wannan aikin, shi kuwa shekara goma ke nan da cire shi. Na share gareji sau biyu ina neman ɓarɓashin jan gilashi. Ban samu ba. Na zauna, na tashi, na sake sharewa, shayina ya huce a kan but ɗin bayan motar.

Na buga wa babban nawa waya na karanta masa sakamako. Ya ce, "Mama, ki daina wahalar da kanki. Shekaru ne, kowa zai je." Na ce masa ban ga shekarun da suka iya tsallake bamba ba.

Ranar Alhamis aka kai gawa wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, don a san ainihin ciwon ajali. Ya buɗe but, ya kwance noti uku, ya ɗago ta a hankali, sai ruwa ya tsiyayo kusan rabin kofi. Mazaunin ƙwan fitila duk ya yi kore da tsatsa. Ya kankare tsagin da bakin sukundireba ya ce, "Hajiya, wannan ciwon ai ya girmi shagona. Liƙe shi aka yi da gam, aka bi da wani jan abu. Bana ne liƙin ya saki, ruwa ya samu hanya."

Na gyara tabarau. Jan farce ne, irin mai ƙyalƙyali. Ni ban taɓa shafa shi ba. Mutum ɗaya ce ta taɓa shigo da irinsa gidana, autata, kuma da hannuna na ƙwace kwalbar, ina mamakin yadda farce goma suka shanye rabinta. Nan take na kira ta. Da na faɗa mata, sai dariya ta ƙwace mata. "Mama, shekara goma sha tara fa. Yaya ne ya saci makulli kuna asibiti duba Baba, ya bugi sakatar get. Ya ce in na faɗa ba zai ƙara yi mini lissafin makaranta ba."

Ina tsaye ina tsara yadda zan faɗa wa yayan nata, kalma bayan kalma, sai mai wayarin ya zura hannu ya kunna siginar hagu.

Ya ce, "Tun yaushe take wannan gudun?"

Na ce, "Wane gudu?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. Na sunkuya na kai kunnena ƙarƙashin sitiyari, sai can na jiyo ta, tiktiktiktik, kamar zuciyar tsuntsun da aka kama. Ya yi mini bayani cewa in ƙwan sigina ya mutu, haka take ninka sauri don ta sanar da direba, kuma irin wannan tsatsar ba ta gaza wata biyu ba. Na ce sitiyari yana kare mini 'yar kibiyar sigina mai ƙyaftawa da ke gabana. Ya ce haka ne, Hajiya. Bai ce komai game da sautin ba, ni ma ban ce ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon mai wayarin, bayan gidan mai. Babban ɗana ne zai ɗauki gawa, shi zai kawo magajiyarta, ta asali, ba irin wadda rana ke koɗar da ita cikin wata uku ba. Shi kuma zai tsaya a bayan mota, in na taka birki ya ce ta kawo, da ƙarfi yadda zan ji. Auta za ta halarta a matsayin shaida. Ba a tanadi kujeru ba. Ana roƙon masu ta'aziyya su bar "wai" a gida. Makulli yana jakata kuma nan zai kwana, amma daga shagon sai gareji, motar ba za ta sake fita ba sai likitan kunne ya gan ni ranar Litinin.

Ga abin da bincike ya nuna. Ban bugi get ba. Ɗana ne ya tsaga ta yana ɗan shekara goma sha takwas, ƙanwarsa ta shafe tsagin da jan farce, ruwan daminar bana ya ƙarasa ta. Wata biyu tana kira, ban ji ba.