Rasuwar Giwa, Wadda Ta Tafi da Fuskokin Mutane

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalin Baba Kumai na Manchok suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babbar kwamfutar ɗansu Azariya, wadda aka fi sani da Giwa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara shida a gidan.

Ga wanda bai san Azariya ba, shi ne mai tsara takardar jana'iza a Kafanchan, wadda ake rabawa a coci da hoton mamaci a gaba. Aikinsa yawo ne bisa babur, yau Zangon Kataf, gobe Kagoro, kuma kowa ya san halin hanyoyinmu. Shi ya sa ya ajiye Giwa a ɗakin ubansa, inda akwai sola da sabis, ya sayi wata 'yar laftof tokumbo mai karyayyen murfi, ya sa mata suna Ƙarama. Duk inda ya zauna sai ya buɗe Ƙarama, ya shiga Giwa ta intanet, Giwa ta yi aikin daga gida, Ƙarama ta nuna a fuskarta. In 'yan fashi sun tare shi, in ji shi, su ɗauki Ƙarama, Allah ya raka taki gona. Wayo ne, ba mu musa ba.

Marigayiya ma'aikaciya ce marar ƙorafi. Ba ta taɓa fita ƙofar gida ba, ba ta taɓa cin yabon aikinta ba. Baba Kumai ke danna mata maɓalli bayan addu'ar safe, ta ce ƙit, fankarta ta ɗauki huuu har yamma. Duk hoton da aka kawo wa Azariya, na aure, na baftisma, na zumuntar mata, ita ke riƙewa. Da mahara suka ƙone wani ƙauye a bayan dutse shekara biyu da suka wuce, albam-albam suka tafi tare da gidaje, sai ya zama fuskokin mutanen ƙauyen a cikinta kaɗai suka rage. Sau nawa aka ce masa ya kwafe su a wani wuri? Kullum sai an gama jana'izar da ke gabansa. To, jana'iza ƙarewa take yi a ƙasar nan?

Ciwon ajalinta gajere ne. Ruwan Agusta ya hana rana fitowa, Baba ya lura Giwa na fitar da iska mai ɗumi, sai ya yanka cittarsa ya shanya a kanta, ya rufa buhu. Kwana uku tana shaƙa. Ranar Laraba Azariya yana ƙarƙashin rumfar makoki yana gyara hoton wani dattijo, sai linzamin kwamfuta ya tsaya cak. A Manchok kuwa an ji ƙarrr, an ji fat, hayaƙi ya biyo baya.

"Na ga yana hura zafi a banza ne," in ji Baba. "Na ce bari ya taimake ni kaɗan."

Azariya ya fita bayan ɗaki ya yi kukansa. An kai ta wurin Somadina mai gyara, ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce wutar ta ci har ma'ajiyar hotunan, ko Legas aka kai ba abin da zai fito.

Ta rasu ta bar Ƙarama, marainiya, wadda ba ta iya komai da kanta ba sai juya ɗan zobe a allo tana neman yayarta. Ta bar Baba Kumai, wanda ya daina shan shayin citta. Ta kuma bar Rosemary, gwauruwa daga ƙauyen nan da aka ƙone. Mijinta Justin na cikin waɗanda aka binne a rami ɗaya cikin gaggawa, ba a buga masa takarda ba. Duk ranar kasuwa takan zo shagon Azariya, ya buɗe mata hoton aurensu, ta zauna ta kalla, ta tafi. Jiya ta zo, ya yi mata bayani, ta ƙi yarda.

"A'a, ɗan'uwa, a cikin wannan nake ganin shi," ta ce, ta ɗora hannu a kan Ƙarama. "Wannan bai ƙone ba. Ka buɗe mini kawai."

Ya buɗe. Sun fi rabin awa suna kallon zoben yana juyawa, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi waƙe-waƙe ba, ba a kuma bukatar abinci. Za a taru a gidan Baba Kumai ranar Lahadi bayan sujada. Duk mai tsohuwar takardar jana'iza ta aikin Azariya ya zo da ita, ko da an riga an ƙunshe ƙosai a ciki, za a ɗauki hotonta a mayar masa. Samson mai zanen allon shaguna zai zauna a bakin ƙofa da fensir da takarda. Ana roƙon duk wanda ya san Justin, ko a gona, ko a kasuwa, ko a cikin mawaƙan coci, ya daure ya zo ya kwatanta kamanninsa. Musamman ana neman wanda ya tuna tabon da ke fuskarsa. Rosemary ta ce ta fara kokwanto, ko a kuncin dama yake ko a hagu.