Rasuwar Kaka, Rediyon Makarantar Kasinje

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi bai bar wa wurin yin kara ba, ake sanar da mutanen Kasinje da na ƙauyukan bakin kogi cewa Kaka ta rasu, kuma Lackson Sakala ne ya kashe ta. Shi ne shugaban kwamitin iyaye, shi aka damƙa wa amanar makaranta, shi kuma ya ɗauki rediyon da ke koya wa 'ya'yanmu karatu ya kai ta gonarsa gadin birai. An faɗi sunansa tun daga farko don kada wani ya ce ajali ne kawai. Ajali gaskiya ne, amma wannan a kan keken Sakala ya zo.

Mai makoki ita ce Malama Tiyamike Njobvu, malama tilo a makarantar da mutanen gari suka gina da hannunsu. Da ita ake zaman, ita za a yi wa gaisuwa.

Marigayiya shuɗiya ce, mai hannun murzawa a gefe da farantin shan rana a ka, ba ta taɓa cin batir ba. Wasu masu taimako ne suka kawo ta shekarun baya, lokacin da malaman da ake turo mana daga gari suke kwana biyu su ga babu hanya babu shago su tattara nasu-ya-nasu. Ita ta zauna. Yara suka sa mata suna Kaka, don ta san waƙa, ta san tatsuniya, kuma ba ta duka.

Duk wanda ya bi ta bayan ajin da hantsi ya san muryarta. Da fari ƙirr, ƙirr, ƙirr, Malama tana murza hannu. Sai shuuu, kamar ruwa a kan ganyen ayaba. Sai kiɗan ganga, sai: "Ina kwana, yara?" Daga nan ta yi shiru.

Wannan shirun shi ne babbar falalarta. Takan yi tambaya ta tsaya ta jira amsa, abin da manya da yawa a garin nan ba su iya ba. Takan ce, "Malama, ki sa yara su ɗebo tsakuwa goma-goma," ta jira a ɗebo. Takan ce, "Malama, ki kira yarinya ɗaya da yaro ɗaya gaban allo," kuma ba ta taɓa manta yarinyar ba. Da ƙwayar masara ta koyar da ƙirga, da tafi ta koyar da haruffa, da harshen da ake yi wa yaro faɗa a gida ta fara kafin ta kai shi ga Turanci. Ba ta taɓa zuwa aji da warin giya ba. Ba ta taɓa aiken ɗan wani ya yi mata noma da sunan darasi ba.

Ga Malama Tiyamike kuwa, Kaka ta wuce kayan aiki. Malama ba ta yi makarantar horon malamai ba. 'Yan kwanaki aka yi mata a gari ana nuna mata yadda ake murzawa da yadda ake bin umarni, aka ba ta littafin jagora aka ce ta tafi. Abin da Kaka ta ce shi take yi, ta kuma yi shi da gaskiya, har yaran Kasinje suka fara karanta wa iyayensu rubutun jikin buhun taki. Kowace yamma takan goge ta da gefen zaninta, ta lulluɓe ta, ta kai ta ɗakinta.

Ciwon ajali ya fara ne ran wata Asabar, masara ta nuna, birai sun sauko daga dutse. Sakala ya jingine keke a ƙofar Malama. Shi yayan mahaifiyarta ne, kuma kowa ya san a wurinmu maganar kawu ta fi ta uba nauyi.

"Tiya, ara mini tsohuwar nan zuwa Litinin," in ji shi. "Biran nan sun ishe ni. In suna jin muryar mutane ba za su shiga ba."

"Kawu, ai ta yara ce."

"Yaran ran Asabar suke karatu? Wa ya kai sunanki gaban kwamiti? Wa ya tsaya miki a maganar aurenki? Miƙo ta, 'yar nan, rana na yi."

Ta san ba daidai ba ne. Ta kuma san bakin da zai ce wa kawu a'a ba a haife ta da shi ba. Ta sunkuyar da kai ta miƙa da hannu biyu.

Ya rataye Kaka a reshe, ya juya farantinta ga rana, ya ƙure murya, ya tafi inda ake dafa giya. Ran farko birai suka gudu. Rana ta biyu suka zauna a gefen gona suna jin labarai suna ɓare masara. Da la'asar wani ƙaton gwaggon biri ya hau ya ɓalle hannun murzawar, ya jefar da Kaka ƙasa, ruwan sama ya zo ya ƙarasa aikin.

Ran Litinin Sakala ya dawo da ita cikin buhu. "Mura ce ta ɗan kama ta," in ji shi. "A shanya ta."

An yi jinya. Malama ta binne ta cikin dusa don ta tsotse ruwan, ta shanya ta a kan rumbu, ta kai ta wurin Fanwell mai gyaran keke. Ya kwance bayanta ya duba ya mayar. "Malama, ni keke na sani," in ji shi, "amma gawa ma in na gan ta ina gane ta." Duk da haka ta ɗora ta a kan kantarta a aji. Wata safiya da rana ta bugi farantin, Kaka ta yi tari, ta yi shuuu, ta ce a hankali, "Malama, ki sa yara su tashi, su..." Shi ke nan. Yara suka miƙe tsaye suna jira. Sun saba da shirunta, suka zaci irin na kullum ne. Malama ma ta tsaya tare da su. Abin da za su yi bayan sun tashi, har yau babu wanda ya sani.

Marigayiya ta bar Malama Tiyamike, da yara cike da aji waɗanda suka iya tarawa amma suka tsaya a tsakiyar debewa. Ta bar allo, da doguwar wayar da aka ja mata zuwa kan mangwaro tana reto babu mai ita. Ta bar littafin jagora, wanda ya zama maraya na gaske, don rabin shafinsa cewa yake a yi abin da rediyo ta ce, a rera waƙar da rediyo ta rera, ba tare da ya rubuta waƙar ba.

Kada wani ya zo gaisuwa ya ce a nemo wata. An nema. Masu taimakon sun ce kowace makaranta ɗaya ce rabonta, ofishinsu ma ya tashi. Rediyon mai gari batir take ci kamar kura, kuma hanyar gari ta yanke sai bayan damina. Makarantar gwamnati tana ƙetaren kogi, kogin ya cika, da kada a ciki. Darussa kuwa ba su tsaya jiranmu ba, kullum da hantsi suna wucewa ta samanmu kamar tsuntsaye, wanda ya wuce ba ya dawowa. A ƙarshen shekara mai duba makarantu zai zo ya gwada yara. In suka faɗi, ba za a karɓe su ajin gaba ba, za a ce Kasinje ba makaranta ba ce, rumfa ce.

Malama ba ta fasa zuwa ba. Tana tsayawa kusa da kantar, ta gaida yara, ta yi shiru irin na Kaka, ta maimaita waƙoƙin da ta haddace. Ba ta iya gaba, ba ta iya ajiyewa, ba ta iya kai ƙarar kawunta. Shekaranjiya ta gwada debewa da kanta, ta jera masara bakwai ta ɗauke uku. Misozi, 'yar autar ajin, ta ɗaga hannu.

"Malama, ukun ina suka tafi?"

Wani daga baya ya ce, "Gonar Kawu. Birai sun cinye."

Aji ya yi dariya. Malama ba ta yi ba.

A nan akwai magana ga sauran gari, kuma ba mai daɗi ba ce. Mun ɗora karatun 'ya'yanmu kacokan a kan akwati ɗaya, muka bar mai rai da murza hannu. Shekara da shekaru babu wanda ya ce a haɗa mata guzuri ta je ta ƙaro ilimi. Wanda ya rataye kayansa duka a reshe ɗaya, kada ya yi mamaki in biri ya zo. Amma wannan ba ya wanke Sakala. Sakacin gari daban, hannun da ya ɗauka daban.

Za a yi jana'iza ran Juma'a da hantsi, daidai lokacin darasi. Za a ajiye gawa a kan kantarta don yara su bi layi su yi mata kallon ƙarshe, 'yan mata a gaba kamar yadda take so. Mata su zauna cikin aji tare da mai makoki, maza a waje gindin mangwaro. Kowane gida ya kawo garin masara da ganyen kabewa don tuwon baƙi. Ba za a karɓi gari daga gonar da aka yi kisan ba. Za a binne ta a bayan aji, farantinta a bar wa Fanwell ko zai yi wa wata amfani. Hannun murzawar, wanda aka tsinto a kunyar gonar da shaidar haƙori a jikinsa, yana wurin Malama, ta ce kada a tambaye ta shi. A maimakon waƙa, mai jan addu'a zai ce, "Ina kwana, yara?" sannan kowa ya yi shiru.

Shari'a kuwa an riga an yi ta jiya a ƙofar mai gari, ba da bakin Malama ba, iyayen yara ne suka kai.

"Ranka ya daɗe, ai biri ne ya yi, ba ni ba," in ji Sakala.

"To kawo birin mu yi masa shari'a," in ji mai gari.

Tsohuwa Eneless ta ce daga cikin mata, "An kawo shi, ranka ya daɗe. Ga shi nan da hula."

An sauke Lackson Sakala daga shugabancin kwamiti. Daga Litinin har a sami wata rediyo, kullum zai hau kekensa da sassafe zuwa makarantar Mtowe ta bayan dutse, inda tasu take da rai. Zai zauna a ƙasa cikin 'yan ajin farko, ya tashi in an ce a tashi, ya yi tafi in an ce a yi tafi, ya haddace darasin da waƙarsa, ya dawo ya tsaya a gindin kantar Kaka ya faɗa wa 'yar ƙanwarsa a gaban yara. Saboda haka karatu a Kasinje ya koma bayan azahar. Gonarsa ba ta da mai gadi, kuma an hana kowa yi masa.