Gyaɗa Goma, Sana'a Biyu

"...da mutanen Fulatan? Har yanzu kuna tserewa in kun ga mota?"

"Lafiya lau, bawana. Shimfiɗa min tabarma, ka daina surutu."

Haka Badaruddeen da taubashiyarsa Bahijja suke gaisawa, ba su taɓa yin ta mutunci ba. Shi ya ƙirƙiro wani wasa a gidansu na Ƙaraye: yana ba da labari, kowa yana da gwarzonsa a takarda, a jefa ɗan lido a ga abin da zai same shi. Ƙarfin kowane gwarzo ƙwayar gyaɗa goma ce. Wata uku Bahijja tana rainon tata gwarzuwar, maharbiya Turai, ga shi satin jiya maciji ya sare ta a labarin. In ba magani yau, an yage takardarta ke nan. Ita kuwa tana son Turai kamar ita ta haife ta.

"Na yanke shawara," in ji Bahijja. "Daga yau Turai maharbiya ce, kuma mai magani."

"Sannu, sarauniya. Ba ki haɗa mata da tuƙin jirgin sama ba?"

"Wannan sai baɗi."

"To ji doka. Sana'a biyu, a raba gyaɗar. Ki cire huɗu daga harbi ki sa a magani."

"Ba zan cire ko ɓawo ba! Ƙaro min goma."

"Ashirin? Ai ranar sauran 'yan wasa sai su koma gida, ke kaɗai ki kashe dodon, ki yi masa jana'iza."

"Kai dai ɗan baƙin ciki ne. Nuna min mutum ɗaya daga nan har Rogo mai sana'a ɗaya. Babana, kawunka, malami ne, manomi ne, tela ne."

"Shi ya sa rigar Sallata ta bara take kan kekensa har yau."

"Ai yadin ne bai isa wannan tumbin ba."

"Tumbin da kike roƙon Allah ya aure ki?"

"Allah ya sawwaƙe! In auri mai sana'a biyu duk rabi-rabi? Da safe kana koyarwa, ɗalibai na gyangyaɗi. Da yamma kana gyaran waya, tawa ka karɓa tana magana ka maido ta bebiya. Mutum ya raba kansa biyu, ina zai iya..."

Badaruddeen ya gyara zama, yana murmushi har kunne.

"Ƙarasa mana, malama. Ina zai iya me?"

"Ban ce komai ba."

"Wallahi kin faɗa. Dokar tawa ce kika karanto da bakinki."

Ta harare shi, ta harari gyaɗar. Ta tura huɗu gefe da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana cire mata haƙori.

"Sai huɗu ko sama, in ba haka ba Turai ta tafi," in ji shi.

Ta yi bisimilla ta jefa. Ɗan lido ya gangara, ya tsaya a kan biyar.

Ta yi tsalle ta rangaɗa guɗa, har awaki suka watse.

"Ta tashi," in ji Badaruddeen. "Amma ki sani, yanzu ko giwa ta tsaya mata, sai ta harba sau biyu."

Bahijja ta fashe da dariya, ta miƙa masa ƙullin dakuwar da ta ɓoye a mayafi.

"Karɓi, bawana, ka ci. Gara Turai ta zama irinka da a binne min ita."