Tabarmar da Ba a Takawa

A wani daji, ranar wata Talata, aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren majalisa. Daga ranar nan, Tasalla ba ta sake kwana ba tare da tari ba.

Tasalla bushiya ce, ita ke sharar zauren. Mijinta Jibo shi ke kwashe abin da ta tara ya kai juji. Shekara goma sha ɗaya suna wannan aiki. Ba a taɓa yaba musu ba, ba a kuma taɓa zaginsu ba, domin kafin a zage ka sai an san kana nan.

Zauren yana da daɓe mai kyau, an buga shi da makuba har yana ƙyalli. Masu ɓata shi kyanwoyi ne. Su ke gadin rumbun daji, saboda haka wurin zamansu yana gaba-gaba. Da yake masu tsafta ne, an haƙa musu rami a bayan zaure an cika shi da yashin rafi, can suke kewayawa. In sun gama su binne abinsu da kyau, su dawo zaure da yashi maƙale a tsakanin faratansu, yashin da ya sha abin da ya sha. Ya zube a kan daɓe, ya bushe, Tasalla ta bi shi da tsintsiya. Kowa ya san tsayin bushiya. Tsakanin hancinta da ƙasa bai kai yatsa biyu ba. Abin da manya suka taka, ita shaƙa take yi.

Ita ta fara kawo maganar tabarma, a gida, suna cin gara.

"Malam, da za a sami tabarmar kaba mai kaushi a jefa a bakin ƙofa, su riƙa bi ta kai, ai da yashin ya tsaya can. In ɗauke ta in kakkaɓe a waje, shi ke nan."

Jibo ya ce, "Wa zai gaya wa Muzuru ƙafarsa da datti? Ke?"

"Wa ya ce a gaya masa? Ya taka kawai. Ƙafa ba ta jin kunya."

To, a majalisar nan akwai doka tun ta kakanni: ba a magana sai daga kan tabarma. Wanda ke zaune a ƙasa gaisuwa ce tasa, sai kuma amin. Jibo mai bin doka ne, irin waɗanda suka yi imani cewa kowane abu yana da ƙofarsa, in ka tsaya a bakinta da ladabi za a buɗe. Sai ya kai maganar wurin Burtu, magatakarda. Burtu ya kai wa Dila, mai ba shugaba shawara. Dila ya kai wa Gwanki, shugaban majalisa. Kowannensu ya duba maganar ya ga akwai datti a cikinta, kuma dattin na kyanwoyi ne, sai ya rage kaɗan kafin ya miƙa gaba. Da ta isa kunnen Gwanki, ba abin da ya saura sai kalma biyu, tabarma da kyanwoyi.

Ranar Talatar nan, Gwanki ya miƙe ya ce:

"Jama'ar daji, an ce yaba kyauta tukwici. Shekaru da yawa 'yan uwanmu kyanwoyi suna tsare mana rumbu, ba dare ba rana, ba mu taɓa nuna musu mun gani ba. Na yi tunani mai zurfi, ni kaɗai, na ga ya dace a shimfiɗa musu tabarma tun daga ƙofa, domin duk wanda ya shigo ya san a dajin nan ana girmama mai aiki. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu mun ga babu laifi a haɗa duka biyun."

Aka yi tafi. Aka kawo tabarmar. Ba ta kaba mai kaushi ba ce, lallausa ce, rinanniya, ja da baƙi. Dila ya ce abu mai daraja irin wannan ba a barinsa waje rana ta ci, sai aka jawo ta taku uku zuwa cikin zaure.

Muzuru, babban kyanwoyi, ya yi godiya a takaice. "Ranka ya daɗe, mun gani, mun gode. Mu gidan tarbiyya muka fito. Za a ga yadda za mu riƙe wannan amana."

Aka kuwa gani. Ɗan gidan tarbiyya ba ya hawa tabarmar girmamawa da ƙafa mai yashi. Kowace kyanwa in ta dawo daga rami, sai ta shigo, ta tsaya a kan daɓe daidai gaban tabarma, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta kakkaɓe, ta ɗaga ta biyu, har huɗu, a hankali, da natsuwa, sannan ta hau. A da yashin zuba yake kaɗan-kaɗan, rabi ma a hanya. Yanzu da ƙarfi ake fitar da shi, duka, a wuri guda, ƙurarsa ta tashi daidai tsayin bushiya. Tabarma kuwa fes, ko ƙwayar yashi babu.

"Malam," in ji Tasalla da yamma, tana share hawayen tari, "wannan ce tabarmar da na aike ka?"

"An ɗan yi kuskure a hanya. Za a gyara. Gobe zan ga Burtu."

Burtu ya saurare shi da ido ɗaya a rufe. "Jibo, abin da kuka roƙa an ba ku. Tabarma kuka ce, ga tabarma. Yanzu kuma me?"

"Ranka ya daɗe, a taka ta ake so."

"Ana takawa mana."

"Da yashin, ranka ya daɗe."

Burtu ya buɗe ɗaya idon. "Kyautar shugaba? Da yashin bayan gida? Jibo, ban ji ba, kai ma ba ka faɗa ba. Amma zan sa a jerin mako mai zuwa cewa masu shara suna da bayani."

Kafin mako mai zuwa ya zo, majalisa da kanta ta lura da tsibin yashin da ke taruwa a gaban tabarma. Aka yi zama na musamman. Ba wanda ya tambayi daga ina yashin yake, gama tambaya irin wannan tana da amsa. Dila ya tashi.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Na auna wurin da kaina. Yashi yana taruwa ne a inda babu tabarma. Inda akwai tabarma kuwa, ku duba da idonku, tsaf. Ashe ke nan maganin ya yi aiki, ƙarancinsa ne matsala. Ina ba da shawara a shimfiɗa wata a gaban wannan. Kuma tunda tabarmi za su zama biyu, ya kamata a sami mai kula da su, kada a wayi gari ba a san wa za a tambaya ba."

Aka naɗa Dila Sarkin Tabarma. Aka shimfiɗa ta biyu. Kyanwoyi suka matsa gefe kaɗan, inda daɓe ya rage, suka ci gaba da kakkaɓa. Aka shimfiɗa ta uku a gefen. Kafin damina ta faɗi, tabarmi bakwai ne a zauren, kowace da sunanta, biyu ma suna da mataimakan masu kula. Yashi da ya rasa fili sai ya koma ƙarƙashi. Sarkin Tabarma ya ba da umarni a riƙa ɗaga kowace sau biyu a rana, a share ƙarƙashinta, a mayar da ita daidai inda take. Bai faɗi wa zai ɗaga ba. Ba sai an faɗa ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tasalla, da take sharar fili da iska na shiga, ta koma cusa kai ƙarƙashin tabarmi, inda ƙurar ke kwance ba ta da hanyar fita sai ƙirjinta. Tarin ya sauya murya. Da can busasshe ne, yanzu yana da nauyi, kamar ana jan turmi a kan tsakuwa.

Sau ɗaya Jibo ya karya doka. Ana tsakiyar muhawara kan ko tabarma ta huɗu ta girmi ta biyar, ya ji tarin matarsa daga bayan ginshiƙi, sai ya tsinci kansa ya ɗora ƙafar gaba a bakin tabarma ta bakwai.

"Ranka ya daɗe, ina da…"

"Kai! Kai! Ƙaya!" Dila ya daka tsawa. "Ka san kwana nawa aka yi ana saƙar nan?"

Gwanki ya leƙo daga sama. "Wane ne wannan?"

"Mai kwasar shara ne, ranka ya daɗe," in ji Burtu. "Bayaninsu yana cikin jeri."

"To, madalla. Ya bi jeri. Ba ma hana kowa magana a dajin nan."

Jibo ya janye ƙafarsa, ya ba da haƙuri har sau uku. A gida ya gaya wa Tasalla cewa shugaba da bakinsa ya ce ba a hana kowa magana.

Ta yi dariya har tarin ya ƙwace dariyar. "Allah ya ja zamaninsa. Malam, makon nan mai zuwa, a ƙafa yake tahowa ko a bayan hawainiya?"

"Mai haƙuri yakan dafa dutse."

"Ya sha romonsa, na sani. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya sha ba." Ta juya ta kalli bango. "Tsintsiyar nan ta yi nauyi kwanan nan."

"Ki daure. Saura kaɗan. In muka bari yanzu, sai a ce masu shara sun yi fushi, a cire mu daga jeri."

Da safe ta fita da tsintsiya, shi kuma ya tafi ƙofar Burtu ya zauna.

Ranar Alhamis aka same ta tsakanin tabarma ta biyar da ta shida, a dunƙule kamar yadda bushiya ke yi. Tun hantsi wasu sun gan ta, suka ɗauka kunya ce ta kama ta saboda manya suna wucewa, har wani ya yaba ladabinta. Sai da la'asar, da Sarkin Tabarma ya ga ba a ɗaga ta shida ba, ya aika a yi mata faɗa. Jibo yana ƙofar Burtu aka zo aka gaya masa ta rasu. An ce saura mutum biyu a gabansa.

Majalisa ta yi abin da ya kamata. Bayan sadakar bakwai aka kira zama, aka sa Jibo a gaba. Gwanki ya yi magana da murya mai rauni.

"Jama'a, mun yi rashi. Baiwar Allah nan, matar wannan bawan Allah, ta yi wa zauren nan hidima shekaru masu yawa. Likitan daji ya tabbatar mana ciwon ƙirji ne, wanda ba ya sallama. Ba za mu iya dawo da ita ba. Amma domin a san ba ma manta alheri, majalisa ta yanke shawarar ba mijinta tabarma. Daga yau shi ɗan majalisa ne. Jibo, hau. Bakinka a buɗe yake."

Aka shimfiɗa ta takwas, ƙarama, sabuwa, tana ƙanshin kaba. Jibo ya matso. Daga maƙabarta ya biyo, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya tsaya a gabanta, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kakkaɓe, ya ɗaga ta biyu, har huɗu. Sannan ya hau.

Muryarsa ta fito ƙarama. "Ranka ya daɗe, jama'a, na gode. Maganata ba ta da yawa. Tabarmar farko matata ce ta roƙa, ba don girmamawa ba. Yashin ramin bayan zaure ne yake biyo ƙafafu. Ta ce a sa mai kaushi a waje, a taka ta da yashin, a goge a kanta. Guda ɗaya ta isa. Abin da nake ta son faɗa ke nan tun rani."

Sai Muzuru ya gyara zama, ya yi magana a hankali, ba tare da fushi ba.

"Allah ya jiƙan ta. Mai makoki ba a kama shi da magana. Amma ɗan uwa, ina da tambaya guda. Yanzun nan, a gaban kowa, da za ka hau tabarmarka, me ka yi da ƙafafunka?"

Jibo ya dubi ƙasa. Ga 'yar ƙasar da ya kakkaɓe a kan daɓe, tsibi huɗu ƙanana. Wata gafiya mai shayarwa, wadda aka ɗauka aikin shara shekaranjiya, ta riga ta nufo wurin da tsintsiya, hancinta a ƙasa.

"Ka gani," in ji Muzuru. "Kai ma ɗan gidan tarbiyya ne."

Aka yi tafi mai tsawo. Burtu ya rubuta cewa sabon ɗan majalisa ya gabatar da jawabi mai ratsa zuciya kan tarihin tabarma. Aka kafa kwamiti ya duba, aka sa Jibo a ciki, tunda shi ya fi kowa sanin lamarin.

Yana nan har yanzu. Yana zuwa kowane zama, ya kakkaɓe, ya hau, ya yi shiru. Masu lura sun ce girma ne ya zo masa. Sun ce ai ya faɗi abin da ke cikinsa, ya huta.

Bai faɗa ba. Wadda ya faɗa wa majalisa ta Tasalla ce, aike ne ya isar a makare. Tasa maganar daban ce, gajeruwa, kuma akwai safiya fiye da ɗari da zai iya faɗinta a bakin ramin da suke kwana, kafin ta fita: "Tasalla, ajiye tsintsiyar nan."

Wannan kuwa, ko a dokar kakanni, daga ƙasa ma ana iya faɗinta.